Yadda ake gane kan jirgi da taragu a tsofaffin hotunan reluwe

Kusan duk sati sai wani ya turo min hoto a waya, baƙi da fari, kan jirgi yana ta turnuƙe hayaƙi, an rubuta a ƙasa wai tashar Kano 1905. To jama'a, a 1905 babu layin dogo a Kano sam. Sai a 1911 layin da aka faro daga Baro, a bakin kogin Neja, ya iso, a 1912 kuma aka haɗe shi da na Legas ya zama reluwe ɗaya. Saboda haka abu na farko da nake gaya wa duk wanda ya zo koyon abin nan shi ne ya sa yatsa ya rufe rubutun da ke ƙasan hoton. Mai rubutun sau da yawa shi ma ji ya yi, wani kuma so kawai yake a ce garinsu ya riga kowa.

Kafin komai ka samu hoto mai kyau. Wanda ya zaga waya goma ya riga ya dagargaje, lamba ba za ta karantu ba ko ka zuƙo ta har ƙarshe. In na takarda ne a gidanku, kar ka ɗauke shi da waya a ɗaki da fulash, ka kai shagon kwamfuta a yi maka sikanin, ka ce su sa a mafi girma ko da za su yi ƙorafin yana cin lokaci, kuɗin bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Waɗanda kuma aka shafa wa kala da manhaja ni ba na ko kallonsu, na ga wanda aka mayar da kan jirgi shuɗi kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata, kuma manhajar ta kan ƙirƙiro lambar da babu ita.

Yanzu sai ƙirga ƙafafu, nan ne aikin yake, nan kuma na sha kunya.

Kan jirgi mai kwal ƙafafunsa kashi uku ne. Akwai ƙanana a gaba, akwai manya a tsakiya waɗanda wani dogon ƙarfe ya haɗe su, su ne masu jan kaya, sai kuma wasu ƙanana a baya ƙarƙashin ɗakin direba, wani kan ma ba shi da su. Daga gaba ake fara ƙirgawa, wato ɓangaren da bututun hayaƙi yake. Abin da ka gani a gefe ɗaya sai ka ninka biyu tunda akwai ɗan'uwansa a ɗaya gefen. In ka ga ƙarama ɗaya, manya huɗu, ƙarama ɗaya, shi ake rubutawa 2-8-2. In ƙanana biyu ne a gaba, manya huɗu, babu komai a baya, 4-8-0 ke nan. Abu mai sauƙi a baki.

Ga inda na faɗi. Wani dattijo a unguwarmu, mahaifinsa tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya ɗauko min hoto daga cikin wata adaka, gefensa duk gara ta ɗan taɓa, mahaifin nasa yana tsaye da gajeren wando da hula, hannunsa ɗaya a jikin kan jirgin. Ya ce "yaro, an ce kai ne masanin jirgi, gaya min wanne ne wannan." Ni kuma da rawar kai na ƙirga duk abin da ya yi kama da ƙafa, na haɗa har da na taragon kwal da ruwa da ke manne a bayan kan, na fito da wata lamba da babu irinta a duniya, na ce Baba ai wannan ba na ƙasar nan ba ne. Shiru ya yi, ya karɓi hotonsa ya mayar cikin adaka. Sai da na koma gida na sake duba wanda na ɗauka a waya na ga ɓarnar da na yi. Taragon nan na baya ba a ƙirga shi, ko kusa. Ka nemi inda ɗakin direba ya ƙare, akwai ɗan rata a wurin, ka ja layi a zuciyarka, duk abin da ke bayan layin ba ruwanka da shi. Sannan ƙaramar ƙafar gaba ta kan ɓuya bayan silinda, wato gangar ƙarfen nan da ke gefen kan ta gaba, ko cikin tururi ko bayan ƙafar mutumin da ya tsaya ɗaukar hoto, a hoton Baba ma bayan gwiwar mahaifinsa take. Washegari na koma na ba shi haƙuri, 2-8-2 ne lafiyayye.

In ka samu 2-8-2 a hoton Najeriya, zuciyarka ta fara zuwa kan waɗanda ake kira River, tunda su ne suka yi yawa daga 1948 zuwa ƙarshen zamanin kwal. Kamfanonin Vulcan Foundry da North British na Birtaniya ne suka ƙera su, Henschel na Jamus ma ya ƙera wasu, kuma kowanne an raɗa masa sunan kogi a wani allon ƙarfe a jikinsa. In ka iya karanta River a allon nan ka gama, hoton bai wuce 1948 a tsufa ba ko wa ya rantse maka. Amma ba kowane 2-8-2 ne River ba, akwai waɗanda aka kawo daga Kanada. Kuma ga wani tarkon da ya fi wannan, reluwen Gabashin Afirka ya sa an ƙera masa nasa a kan tsarin River ɗin namu, kamar an tsaga kara, shi ya sa hoton Kenya yake yawo da sunan Kano ko Zariya. Ka duba jikin taragon kwal ɗin, in ka ga haruffan EAR, wato East African Railways, to ba namu ba ne. Namu NR ne, ko cikakken suna Nigerian Railway, NRC kuma, wato hukumar reluwe ta Najeriya, ba ta wanzu ba sai 1955. In haruffan sun juye kamar a madubi, wajen wanke hoton aka kifa fim ɗin, ka juya shi a waya kafin ka ce jirgin Nguru ya nufa ko Legas.

Akwai wani kan da ba ya ɓuya, Garratt, na kamfanin Beyer Peacock da ke Manchesta. Tukunyar tururinsa a tsakiya take a rataye, tanki a gaba, wani a baya, kowanne da nasa jerin ƙafafun, kamar an haɗa kai biyu ƙeya da ƙeya. Shi wannan dokar da na faɗa ta kar a ƙirga na baya ba ta hau kansa ba, duka ake ƙirgawa, misali 4-6-2+2-6-4. Masu koyo da sun gan shi sai su ce jirgi biyu ne suka yi karo.

Sai faɗin layin. Tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067, babban mutum in ya tsaya a tsakiya ya ɗan buɗe ƙafa zai kusa taɓa ƙarfen biyu. In ka ga layi siriri sosai da ɗan kan jirgi kamar na wasan yara, ka tuna da ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau Jos, ƙafa 2 da inci 6, an rufe shi a 1957, bai taɓa zuwa Kano ba. In kuma layin ya yi faɗi, ga kankare a ƙarƙashi ga tsakuwa sabuwa fil, irin na Abuja zuwa Kaduna ne da aka buɗe a 2016, wani ne kawai ya cire wa hoton kala don ya tsufa. Faɗin layi shi kaɗai ba ya raba mu da Ghana ko Sudan, su ma 1067 ne, dole ka koma kan haruffa.

Na dizal ba na ɓata lokaci a kansu sosai, gaskiya ba sa burge ni. Babu bututu, mafi yawansu babu dogon ƙarfe a ƙafafu, lamba kuma ɓaro-ɓaro a goshi. Manyan na farko na kamfanin English Electric ne a 1955, lambarsu ta fara daga 1001, masu 1101 na General Motors ne, masu 2101 kuma 'yan Chana ne na zamanin Abacha. Ka karanta lambobi biyun farko ka wuce. Ka dai sani kwal da dizal sun yi shekaru suna aiki tare, ganin mai kwal ba ya nufin kafin 1955 ne.

Taragu kuwa abin da suke ɗauka ne ke faɗin sunansu. Mai rufi da ƙofar turawa a tsakiya na buhuna ne, gyaɗa da auduga da fatu. Mai ramuka ko sanduna a jiki don iska na shanu ne masu tafiya kudu. Buɗaɗɗe mai gajeren bango na kwal ne daga Inugu ko tsakuwa, mai kama da ganga a kwance na mai, mai jerin tagogi na fasinja, na can ƙarshe mai ɗan ɗaki kuma na gadi. In dalar gyaɗa ta fito a baya, tana taimakawa amma kar ka rantse da ita, ba Kano kaɗai ake tara gyaɗa a bakin layi ba, layin Nguru da ya kai can a 1930 da na Ƙauran Namoda na 1929 duk saboda irin wannan kayan aka ja su.

Abin da ya rage, ka rubuta abin da ka gano a takarda daban, jerin ƙafafu, lamba, haruffa, shekarar da hoton ba zai gaza ba. Kar ka rubuta da biro a bayan hoton mutane, yana hudowa ta gaba. In lamba ta fito amma ka rasa mai ita, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da gidan tarihin reluwe na Jaekel House a Ebute Metta, Legas, nan ake dosa, in kuma kuɗin mota ya yi wuya ka fara da tsofaffin 'yan fansho na reluwe, ka tafi da goro ka nuna musu hoton a babban allo, ba a ƙaramar waya ba, idanun sun yi rauni.