Yadda Za Ka Zaɓi Kujerar Zaman Karatu a Wajen Ɗaki

1. Fara duba wurin kafin kujerar: inda inuwa take daɗewa, ƙasa kuma a daidaice, don kada kujerar ta riƙa rawa.

2. Zauna a kanta da littafi a hannu, aƙalla minti 15. Kujeru da yawa daɗinsu na zaman farko ne, sai an jima baya ya fara ciwo.

3. Tafin ƙafarka ya taka ƙasa sosai. Tsayin santimita 40 zuwa 45 yakan yi wa yawancin manya daidai. Jingina, sannan ka zura yatsu biyu tsakanin bakin kujerar da bayan gwiwarka. In ba su shiga ba, mazaunin ya yi zurfi, zai danne jijiya har ƙafa ta sage.

4. Majinginar ta ɗan kwanta kaɗan, ta tallafi ƙugu. Wadda ta kwanta sosai barci take kawowa.

5. Kada ka ɗauki marar hannu. A nan kam ba na sassauci, domin in gwiwar hannu ba ta samu madogara ba, kafaɗa da wuya ne za su ɗauki nauyin littafin.

6. Ƙarfe yana ɗaukar zafin rana. Katako ya fi, da matashi mai saurin bushewa.