Yadda za ka riƙe ɗan'uwanka mai ɗauke da ƙanjamau har ya saba da shan magani

Maganin ƙanjamau kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati a Najeriya, kuma yawancin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana. Duk da haka wasu suna ajiye shi, saboda zuciya ta riga jiki karaya. Idan ɗan'uwa ya zaɓe ka ya faɗa maka sakamakon gwajinsa, to amana ce ta hau kanka.

Ranar farko, ka kame bakinka ka saurare shi. Kada ka kuskura ka ce "a ina ka kwaso?" Tambayar nan ita take sa mutum ya haɗiye sauran maganarsa. Ka ce masa, "Sannu Yaya, muna tare," sannan ka sa hannu a kwano ɗaya da shi. Cutar ba ta bin kwano ko musabaha, kuma yana bukatar ya ga ka yarda da hakan.

Sai riƙe sirri. Shi zai zaɓi wanda zai sani, kuma tun 2014 akwai dokar da ta hana nuna wa masu cutar wariya. Matarsa dai tana da haƙƙin a gwada ta. Idan ya kasa faɗa mata, masu ba da shawara a asibiti sun san yadda ake buɗe wannan zancen.

Lokacin shan ƙwayar, ku ɗaure shi da abin da ba ya mantawa, kamar bayan sallar asuba, ku sa masa ƙararrawa a waya. Da azumi, ya tuntuɓi likita kafin ya sauya lokaci.

Inda na fi jin tsoro shi ne bayan 'yan watanni, lokacin da jiki ya murmure, kumatu suka ciko, wandon da ya yi masa yawa ya koma daidai. A nan zuciya take raya masa cewa ya warke. A nan ne kuma mai lasifika a bakin kasuwa zai yi masa alkawarin waraka da jarka ɗaya ta tsimi. Ka zaunar da shi ka gaya masa gaskiya: maganin danne ƙwayar cutar yake yi, da ya daina sha za ta farfaɗo, har ta iya bijire wa maganin. Ya yi addu'a, ya kuma haɗiyi ƙwayarsa.

Ka lura da yanayinsa. Idan ya haura mako 2 ba barci, ba cin abinci, ya kulle kansa a ɗaki, ka sanar da ma'aikatan asibitinsa. Idan kuwa ya fara zancen gara mutuwa, kada ka kwana ba ka kai shi ba. Haɗuwa da waɗanda suka shekara 10 suna shan magani a ƙungiyoyin tallafi na NEPWHAN, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu ɗauke da ƙanjamau a Najeriya, tana sanyaya rai ƙwarai.

Bayan wata 6 da fara shan magani za a auna yawan ƙwayar cutar a jininsa. Muddin ta tsaya ƙasa da 200 a kowace mililita, ba zai sa wa matarsa ta hanyar saduwa ba. Ka raka shi ranar karɓar sakamakon, ka zauna kusa da shi a kan benci har a kira sunansa.