Yadda Za Ka Yaba Jarumtar Abokin Hamayya Ba Tare Da Ka Bar Jam'iyyarka Ba

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, garin Kabawan da suka shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna gwabzawa da Sakkwato da Gwandu, kuma kamun kifin da aka shirya domin tarbarsa shi ne ya zama bikin da ya yi suna a duniya. Idan jikokin waɗanda suka harbi juna da kibau sun iya zama a tabarma ɗaya, to mai adawar jam'iyya a Birnin Kebbi ba shi da uzuri.

Fara da tambayar kanka abin da mutumin zai iya rasawa. Wanda ya zagi gwamna a Facebook da sunan bogi bai sa komai nasa cikin haɗari ba, ɗan bangar da aka saya da kuɗin mai kuwa haya aka ɗauke shi. Amma dubi wakilin ƙaramar jam'iyya a rumfar zaɓe, a unguwar da kowa, har surukinsa, yake ɗaya ɓangaren. Ya tsaya tun hantsi har bayan isha'i, ana ƙirga ƙuri'a da fitilar waya, ana yi masa ihu, kuma bai tafi ba sai da ya karɓi kwafin sakamakonsa, alhali gobe zai haɗu da mutanen nan a masallaci da kasuwa. Wannan shi ne wanda ya cancanci yabo, ko da kana ganin ɗan takararsa bai dace da kujerar kansila ba.

Sannan ka faɗi yabon a inda zai yi maka nauyi, wato a majalisarku, gaban 'yan jam'iyyarku, domin yabon da aka raɗa a kunne ba ya cin kowa komai. Ka ambaci aikin da ya yi daki-daki, ka ce, “Malam, tsayuwar da ka yi jiya ta maza ce.” Kada ka liƙa masa “amma” a cikin numfashi ɗaya, domin a ganina wannan kalma ce take mayar da yabo habaici. Sukar manufarsa tana da ranarta, kuma idan ranar ta zo ka yi ta da hujja ba tare da sassauci ba.

Za a ce an saye ka. Ka amsa sau ɗaya cewa ƙuri'arka tana nan inda take, kada ka ƙara. Idan kuma aka yi masa rasuwa, ka riga 'yan jam'iyyarsa isa wurin gaisuwa, ka cire hular kamfen kafin ka shiga zaure.