Yadda zaki taimaki kawarki da tsokanar jiki ta hana ta zuwa lakca

Kanwata tana shekarar farko a jami'a anan Kumasi, yarinya mai kokari wlh, amma kafin simesta na biyu ya kare ta daina fita lakca. Wasu yara ne a hostel suka sa mata suna obolo, wato mai kiba, in ta shigo aji sai dariya kasa-kasa, har hotonta tana cin waakye suka saka a gurup din WhatsApp na ajin. Mu a gida Aboabo bamu sani ba sai da risol ya fito.

To abu na farko ki sa ido. Wadda ake tsokana ba zata zo ta fada miki ba, sai dai kiga ta koma kujerar karshe, ta daina daga hannu, aikin gurup tace ita kadai zatayi, daga nan kwiz ya fara wuce ta. Nan makin yake zubewa tun kafin jarabawa.

In kin gane, dan Allah kar kice mata "ki share su kawai", kuma kar ki kawo maganar rage kiba. Ni nayi wannan kuskuren, kwana uku bata daga wayata ba. Ki zauna ki saurara, ko kuka takeyi ki barta tayi.

Sai ki mayar da ita aji da kafarki, wannan shine babban aikin. Ki kwankwasa mata kofa da safe, ku sayi koko da kose ku tafi tare, ku zauna gaba kusa da lakcara inda masu surutu basa iya bude baki, ki aro mata nots din da ta rasa, sati biyu ko uku haka kullum har kafarta ta saba.

Abin da aka rubuta a gurup kuma kuyi sikirinshot kafin a goge. Ku kai ofishin shugaban harkokin dalibai, kuma jami'ar Ghana ta Legon da jami'ar KNUST ta Kumasi duk suna da cibiyar bada shawara ga dalibai, ki raka ta ranar farko saboda kunya. In abin ya kai ga yada hoton tsiraici ko barazanar yada shi, wannan laifi ne a dokar tsaron intanet ta Ghana ta 2020, ku kira 292, lambar hukumar tsaron intanet.

Ki hada ta da yan uwa mata na GMSA, kungiyar dalibai musulmi ta Ghana, ko mutum biyu ne da zasu rika nemanta in bata fito ba.

Ki lura da cikinta da fatarta ma, wasu sai su daina cin abinci ko su fara shafa man bilicin a boye, kuma yaya za'ayi mutum yayi karatu da yunwa? In kinga tana jiri ko bata barci ku wuce asibitin makaranta ranar nan, kar ku jira hutu.