Yadda sabon ɗalibi zai gane hanya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da birnin Katsina

Da farko, ka zo kwana ɗaya kafin a fara rajista, tun da safe, domin jami'ar tana kan hanyar Dutsin-Ma, kuma zafin rana yakan sa tafiyar ƙafa ta yi nauyi. Idan ka shiga babbar ƙofa, ka gaida masu gadi cikin ladabi, ka ce, "Baba, ina ne tsangayar kimiyya?" ko wadda aka ɗauke ka, domin sun fi kowa sanin lungunan makarantar.

Bayan haka, ka taka da ƙafarka daga tsangayarka zuwa ɗakin karatu, masallaci da asibitin makaranta, kana lura da alama guda a kowace kwana, ko da bishiyar dalbejiya ce ko tankin ruwa. Wannan matakin ne na fi ba muhimmanci, saboda hanyar da ƙafa ta bi da wuya a manta ta.

A cikin gari kuwa, ka haddace sunayen ƙofofi, kamar Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Marusa da Ƙofar Soro da ke wajen fadar Sarki, domin da su ake yi wa masu Keke Napep kwatance. Ka daidaita kuɗi kafin ka hau, kuma ka koma makaranta kafin magariba.