Kurakuran da ake yi wajen sayen talabijin ɗin LED

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne jira. Mutum ya tara kuɗinsa, sai wani ya ce masa ya ƙara haƙuri, wai kayan lantarki kullum sauka suke yi. A kasuwar duniya haka ne. Sa'ad da Samsung ya fara tallar talabijin ɗin LED a 2009, sai masu hannu da shuni ke iya saye. Yau masana'antun Sin irin su BOE sun cika duniya da gilasan allon talabijin da ake kira LCD har Samsung ɗin ya daina ƙera nasa a 2022. Sai dai mu da naira muke saye. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, wanda ya tara kuɗin inci 43 ya tsinci kansa yana taya 32. In kuɗinka sun cika, saya kawai.

Sai ruɗin suna. Har yanzu duk talabijin na bango "filasma" muke ce masa, alhali manyan kamfanoni sun daina ƙera filasma tun 2014. Abin da ake kira LED allon LCD ne da aka jera wa ƙananan fitilu a bayansa ko a gefensa. QLED ma ɗan gidan ne. OLED ne daban, shi ya sa kuɗinsa ke tsorata mutum.

Sanin wannan na hana asara, domin fitilun nan ne kan mutu da wuri. Za ka ji magana rangaɗau amma allo baƙi ƙirin, sai maigida ya ce ya ƙone, a jingine shi bayan ƙofa. Kafin ka yanke hukunci, kunna shi, ka kashe wutar ɗaki, ka kanga tocilan waya dab da gilashin. In ka hango inuwar mutane na motsi, allon lafiya lau yake, galibi layin fitilun kawai mai gyara zai canza. Gilashin da ya fashe kuwa, kuɗin canjinsa kan kusa kai na sabo. Kuma ka rage hasken bayan allo daga ƙarshensa. Yanayin da ake sa shi a shago don jan ido ne, yana gajiyar da fitilun.

Wasu kan ƙarar da kuɗin kaf a kan inci, su manta da sitabilaiza, ga wutar NEPA mai zuwa da ƙarfi, ga janareta. Rage inci kaɗan ka sayi kariya. Haka biyan kuɗin 4K, wato allo mai fito da hoto tangaran, alhali tashoshin dish ɗin kyauta kake kallo, hoton da suke aikowa bai kai nan ba.

In na hannu za ka saya, a kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Garin Kano, ka sa a nuna maka farin hoto zalla. Ka ga tabo mai shuɗi-shuɗi ko ɗigo-ɗigon haske, to fitilun sun tsufa, a cire maka kuɗin gyara daga cinikin.