Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Lallen Amarya

Ka isa gidan da wuri, ka gaida iyaye, ka nemi izinin uwar biki. Ɗakin mata ne, ba a faɗa masa kai tsaye.

Sai ka zaunar da amarya kusa da taga, haske ya zo ta gefe. Kashe filasha, don tana sa fata ƙyalli, zanen lallen ya dushe. Ta ɗora hannuwanta kan mayafi marar ado, ta saki yatsu, kada ta ƙame su. Matso da kyamara, ka saita ta kan zobe. Ɗauki uku ko huɗu da sauri, ƙawayen amarya ba su da haƙuri.

Kafin ka kwanta, kwafe hotunan wuri biyu.